Yi wa Al'umma Hidima da Kyamara: Jagora ga Masu Ɗaukar Hoto a Naraguta da Kewaye

Garin Jos ba ya ƙarancin masu riƙe kyamara. A nan Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1979, take da hedikwatarta da makarantarta ta koyon fim. Ga Kwalejin Talabijin ta NTA a Rayfield, ga kuma Jami'ar Jos da mazauninta na dindindin yake Naraguta, a kan hanyar Bauchi. Duk shekara ana yaye matasan da suka san haske da inuwa, ban da ɗimbin waɗanda suka koyi sana'ar a shagon maigida. Ranar Asabar ka leƙa wurin biki, za ka tarar da masu hoto suna rububin wurin tsayawa. Amma ka bar bakin titi ka shiga lungunan Naraguta ko Unguwar Rogo, ka roƙi wata dattijuwa ta nuna maka hotonta. Sau da yawa katin zaɓe za ta kunto daga bakin zane, ko wani fasfo da ya koɗe tun maigidanta yana raye.

Wannan rubutu na mai hoto ne, namiji ko mace, wanda ya ƙware a sana'arsa kuma yake son ya fitar wa jama'a wani abu daga cikinta. Maganar da ta riƙe shi ɗaya ce: aikin taimako da kyamara bai kammala ba sai hoton ya koma hannun mai shi, a wanke, da sunansa a baya, kuma ya kasance hoton da ba zai ji kunyar rataye shi a ɗakinsa ba.

Naraguta ta daɗe da sanin kyamara. Tun farkon shekarun 1900, lokacin da Turawan Kamfanin Neja suka kafa sansanin haƙar kuza a nan, kafin Jos ta zama birni, ake ɗaukar mutanen wannan yanki hoto. Duba hotunan wancan zamani: leburori a jere da kwanon ƙasa a ka, cikin rami ko a bakin kogin Dilimi. A ƙarƙashi za ka ga sunan kamfani ko na mahaƙa, wani lokaci da na Baturen da ke tsaye a gefe. Masu kwanon ba su da suna, hotunan kuma sun tafi Ingila. Abin takaici, mai hoton yau ma yana iya maimaita wannan ɗabi'a da kyakkyawar niyya: ya zo ya ɗauki marayu, ya ɗora a Facebook, a yi ta sa masa albarka, yaran kuwa ba su taɓa ganin hoton ba.

Shiga ta ƙofa

Kada ka fara da kyamara. Ranar farko ka bar ta a gida, ka je ka gaida mai unguwa. Ka faɗa masa ko kai wane ne, inda shagonka yake, da abin da ya kawo ka: "Ranka ya daɗe, sana'ata hoto. Ina so in ba da rana ɗaya kyauta ga tsofaffi da marasa ƙarfi na unguwar nan, in kun ga ya dace." Daga nan sai liman, sai shugabar ƙungiyar mata, sai shugaban matasa, sai fasto in unguwar tana da coci. Wannan yanki mazaunin Anaguta ne da Afizere da Birom da Hausawa da Fulani da sauran jama'a, kuma kowa ya san rikice-rikicen da Jos ta gani a 2001 da 2008 da 2010. Baƙon da aka gani yana ɗaukar hoton gidaje da lunguna ba tare da an san da zuwansa ba, shi ya jawo wa kansa zargi. Shingen jami'an tsaro kuwa, ko kusa kada ka nuna masa kyamara.

Sa'an nan ka tambayi abin da ake buƙata, ka kuma saurara. Kai ka zo da tunanin hoton bango mai firam, su kuwa wataƙila damuwarsu fasfo ne: yara za su shiga sakandare, zawarawa za su cike takardar tallafi, ƙungiyar adashi za ta buɗe asusun banki. Wata ƙungiyar jinƙai hotunan aikinta take nema domin rahoton da za ta aika wa masu ba ta kuɗi. Dukawa kuma hoton hajarsu suke so. Kowanne da irin shirinsa, kuma kada ka haɗa su rana ɗaya.

Izini kashi uku ne

A nan ne masu hoto da yawa suke yin sakaci. Mutum ya yarda ka ɗauke shi, wannan izini ɗaya ne. Ya yarda ƙungiya ta sa hotonsa a rahotonta ko kalandarta, wannan na biyu. Ya yarda a ɗora shi a intanet, wannan na uku. Kowanne a nemi shi daban, kuma wanda ya ba da na farko ya hana sauran, a wanke masa hotonsa a ba shi ba tare da canjin fuska ba.

Ka yi bayanin intanet yadda tsohuwa za ta gane. "Inna, idan aka sa a waya, kowa zai gani, har surukanki da mutanen garinku, kuma in ya hau ba ya saukowa gaba ɗaya. Kin yarda ko a bar miki ke kaɗai?" A buga takardar izini gajeriya da Hausar boko da ajami. Wanda ba ya karatu a karanta masa gaban shaida, ko a naɗi muryarsa a waya yana faɗin sunansa da abin da ya yarda da shi. Yaro ɗan ƙasa da shekara 18 sai da yardar iyaye ko waliyyi. Haka ma Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta tanada game da bayanan yara, hoton fuska kuwa yana cikin bayanan da ake gane mutum da su.

Akwai wanda zai ce maka shi ba ya hoto sai na larura, saboda fahimtarsa ta addini. Kada ka buɗe masa muhawara. Akwai matan da ba za su tsaya gaban namiji ba. Saboda su ya wajaba tawagarku ta kasance da mace mai ɗaukar hoto, da ɗaki ko zauren da aka keɓe. Kuma kada a taɓa ɗaura tallafi da hoto, a ce sai an ɗauke ka za ka karɓi buhun masara. Yardar da yunwa ta sa aka bayar, ba yarda ba ce.

Ranar hoton kyauta

Wannan tsari ba sabo ba ne a duniya. A 2009 wani mai hoto ɗan Amurka, Jeremy Cowart, ya fito da shirin Help-Portrait, wanda ake gudanarwa a watan Disamba a ƙasashe da dama. Matakansa huɗu ne kawai: nemo mabuƙaci, ɗauke shi hoto, wanke hoton, kai masa. Abin da ya rage mana shi ne mu san yadda za a yi shi a ƙasarmu, da ranarmu da ƙurarmu da irin mutanenmu.

Fara da lissafi. Idan kowane mutum zai ci minti 5, mutum 60 awa 5 ke nan ba hutu, ban da salla da cin abinci. Saboda haka a rubuta sunaye tun kafin ranar, a raba wa kowa katin lamba, tsofaffi da masu goyo da naƙasassu su ne a gaba. A sanar da mutane da wuri domin su yi wanki, su fito da kayan da suke so a gan su da su. A guji Juma'a da Lahadi. Aikin gayya ne, mutum huɗu aƙalla: mai rajista da takardun izini, mai duba sutura da madubi a hannu, mai kyamara, da mai kula da kwamfuta da firinta. Wata 'yar dabara mai hana ruɗani: hoton farko na kowa a ɗauke shi yana riƙe da katin lambarsa a ƙirji. Da dare, idan fuskoki sittin suka taru a kwamfuta, wannan lambar ce za ta gaya maka wace ce Hajiya Ladi, wace ce Mama Talatu.

Sai maganar haske, wadda ita ce rabin aikin. Jos tana bisa tudu, kimanin mita 1,200 sama da teku, kuma ranarta ta tsakiyar yini mai kaifi ce duk da sanyin garin. Ka tsayar da mutum cikinta, idanunsa su faɗa rami, goshinsa ya yi ƙyalli, ya yamutse fuska. Ƙarƙashin bishiya ma ba mafita ba ce, don hasken yana tsiyayowa ta cikin ganye ya yi wa fuska dabbare-dabbare. Abin da za ka nema shi ne inuwa mai faɗi wadda take fuskantar sarari: barandar makarantar firamare, ko bakin zaure, ko gefen dogon gini. Ka zaunar da mutum taku ɗaya ko biyu daga bakin inuwar, fuskarsa tana kallon waje, kai kuma ka ba wa sarari baya. Hasken zai kwanta a fuska lumui, ka ga ɗigon haske a ƙwayar ido. In ɓangare ɗaya ya yi duhu, yaro ya riƙe farin kwali daga wannan gefen ya mayar da haske. Farin soson da ake kunso firiji da shi ma yana wannan aiki sarai. Da wannan shiri ba ka buƙatar filasha, ba ka buƙatar janareta.

Lokacin hunturu, musamman a Disamba da Janairu, hazo yana tausasa haske, amma ƙura tana shiga ko'ina. Kada ka sauya lensi a waje. Batir yana saurin mutuwa da sanyin safe, ka ajiye na biyu a aljihun ciki. Kada kuma ka kira tsofaffi ƙarfe bakwai su zauna suna makyarkyata; bari rana ta ɗan ɗaga. A ajiye man shafawa kusa da madubi saboda fatar da ta yi furu-furu da leɓen da ya tsage, amma a shafa kaɗan, don mai in ya yi yawa ƙyalli yake zama. Da damina kuwa a gama da hantsi, saboda ruwan Jos ya fi son yamma.

Saitin kyamara ba shi da wuya. Lensi mai tsawon milimita 50 ko 85 ya fi mutunta fuska. Mai faɗi yana kumbura hanci in ka matso. Ƙofar haske a kan f/4 ko f/5.6 ga mutum ɗaya, f/8 ga iyali masu layi biyu, domin na baya ma su fito ras. Shota kada ta gaza 1/200, musamman da yara da tsofaffin da hannu ke rawa. In inuwar ta yi duhu, ɗaga ISO ya fi hoton da ya girgiza. Babbar matsalarmu ita ce baƙar fata cikin farin kaya. Dattijo ya zo da farar babbar riga da farin rawani, kyamara ta ga fari ya cika mata ido, sai ta rage haske, fuska ta nutse. Ka auna hasken a kan fuska, ka ƙara kaɗan har ta fito, kana lura kada aikin da ke wuyan riga ya ƙone ya ɓace. Ɗauka da RAW yana ba ka damar ceto duka biyun daga baya.

Labulen baya fari ne ga fasfo, ba shakka. Ga hoton ajiya kuwa ka saki jiki: turmin atamfa mai sanyin zane, ko sabuwar tabarma, ko bangon laka mai tsabta. Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagonsa a Bamako a 1948, da irin waɗannan yadudduka masu zane ya ɗauki mutanen garinsu, hotunansa kuma yau suna manyan gidajen tarihi na duniya. Ka tuna cewa mutanenmu suna son a ga shigarsu gaba ɗaya, daga hula ko ɗaurin kallabi har takalmi. Don haka ka ɗauki guda biyu, na tsaye cikakke da na kusa, ka bar mai shi ya zaɓa.

Yanzu ga Baba ya zauna a kujera, ya dafe gwiwoyi, ya ƙame. Kada ka tsaya a kansa. Ka sauko har kyamara ta yi daidai da idonsa, da yaro kuwa ka durƙusa. Kada ka kai hannu ka juya masa kai. Da baki ake gyara babba: "Baba, a ɗan ɗaga haɓa. Yauwa. A ɗan juyo wajen ƙofa." Idan hularsa ta karkace, jikansa ya gyara masa. Ka ja shi da hira, ka tambaye shi sana'ar da ya yi da ƙuruciya ko yadda hanyar Bauchi take a da, kana kallonsa ta saman kyamara. Kafaɗunsa za su sauka, fuskar ta saki, a nan za ka danna. Amma kada ka matsa masa sai ya yi dariya. Dattawa da yawa suna ganin kamewa ita ce kamala a hoto, kuma hotonsu ne. Mai keken guragu ka tambaye shi ko yana son keken ya fito. Makaho ka gaya masa abin da ke cikin hoton, launin rigarsa da yadda ya zauna, domin shi ma zai nuna wa baƙinsa. Kowa ka juya masa bayan kyamara ya gani kafin ya tashi. In bai gamsu ba, a sake.

Wajen gyara a kwamfuta ina da ra'ayi mai ƙarfi. Kada ka haskaka fatar kowa. Kada ka goge tsagen fuska ko zanen gado, kada ka share tamojin tsufa har tsohuwa ta koma wata da jikokinta ba su sani ba. Ka daidaita haske da launi, ka cire ƙurjin da zai warke gobe, ka tsaya nan.

Takarda mai inci 4 da 6 tana ɗaukar fasfo 8 masu milimita 35 da 45. Hoton ajiya ya fi kyau a inci 5 da 7. Ƙaramar firinta irin Canon Selphy tana fitar da hoto nan take, kuma ba abin da ya kai ganin fuskar mutum lokacin da takardar take fitowa. Idan babu ita, a kai wurin wanki a cikin gari, amma a sa rana, kada ta wuce mako, a kuma cika alkawari. A bayan kowane hoto a rubuta cikakken suna da unguwa da kwanan wata, da alƙalamin da ba ya huda takarda. A sa a leda mai kauri ko ambulan. Ka miƙa da hannunka, da hannu biyu in babba ne, kamar yadda kake miƙa wa amaryar da ta biya ka albam ɗinta.

Dukawan Naraguta

In an ambaci Naraguta a wajen Jos, abu biyu ake tunawa: jami'a da aikin fata. Majema da dukawan garin suna yin jakunkuna da takalma da tumtum da walat da sauransu, masu yawon buɗe ido kuma sun daɗe suna zuwa saye. Yau ciniki ya koma waya, mai saye yana Abuja ko Legas, kuma gani ya kori ji. Baduku ya ɓata kwanaki a kan jaka, sai ya ɗauke ta hoto a kan cinyarsa cikin duhun rumfa, jar fatar ta fito kamar ruwan ƙasa. Yini ɗaya na ƙwararre zai iya sauya masa kasuwa.

Fata tana ƙyalli, saboda haka filasha daga gaba abokiyar gaba ce. Ka shimfiɗa farin kwali babba a kan tebur kusa da ƙofa ko taga, ka lanƙwasa rabinsa ya hau bango domin kada a ga layi a baya. Haske ya zo daga gefe, shi ne zai fito da ƙwayar fatar da tudun ɗinki. Ɗaya gefen a sa wani kwalin ya cike inuwa. A cusa wa jaka takarda ta tsaya da cikinta. A daidaita farin kyamara da farar takarda kafin a fara, domin jan da mai saye ya gani a waya ya zama shi ne jan da zai buɗe a kwali. In ba haka ba, kaya za su dawo, sunan baduku ya ɓaci. Kowane kaya a yi masa aƙalla hoto huɗu: gaba, baya, ciki, da na kusa sosai a kan ɗinki. A ƙara ɗaya da hannu yana riƙe da shi domin a gane girmansa, da ɗaya na mai sana'ar yana aiki da basilla, in ya yarda. Sa'an nan, kafin ka tafi, ka zaunar da ɗansa ko yaron shagonsa ka nuna masa yadda zai yi irin wannan da waya: ya goge gilashin kyamarar, ya tsaya a wannan wurin, da wannan kwalin, a wannan lokacin. Sabbin kaya za su fito bayan tafiyarka, kai kuwa ba kullum za ka zo ba.

In ƙungiyar jinƙai ce ta kira ka

Ku zauna tukuna ku rubuta abin da ake so a gani da inda za a yi amfani da shi. Kowane aiki ka ɗauke shi daga nesa a ga wurin, daga tsakiya a ga mutane, daga kusa a ga hannuwa. Kowane hoto ya tafi da bayaninsa: su wane ne, me ake yi, a ina, yaushe. Ka aika ta WhatsApp a matsayin fayil, don in ka tura shi a matsayin hoto yana matse shi ya lalace wajen bugawa. Ka ajiye kwafi a wuri biyu.

Za a roƙe ka hoton da na fi ƙi: shugaba tsaye yana murmushi, bazawara durƙushe tana karɓar buhu. Ka ba su shawarar wani. A ɗauki matar tana ɗinki da keken da aka ba ta, ko yaran suna cikin aji, ko matasan unguwa suna yashe kwata. Wannan ma yana buɗe aljihun masu bayarwa, kuma bai tozarta kowa ba. Ga misali a kusa da mu. Fati Abubakar, 'yar Maiduguri, ta fara shirin Bits of Borno a 2015, lokacin da duniya ba ta ganin komai daga Borno sai gawa da kango. Ta riƙa ɗaukar 'yan makaranta da 'yan kasuwa da masu kwalliyar salla, tana haɗawa da labarinsu, har manyan jaridun duniya suka ɗauka. Ba ta ɓoye wahala ba, amma ta nuna masu wahalar a matsayin mutane masu suna da sana'a. Jos ma tana buƙatar irin wannan ido. Wanda ya ɗauki kasuwar Farin Gada da asuba, Musulmi da Kirista suna sauke kwandunan tumatir da buhunan kabeji daga mota ɗaya, ya faɗi gaskiyar da ba a cika yaɗawa ba.

Akwai waɗanda ba a nuna fuskarsu ko da sun yarda: yarinyar da aka yi wa fyaɗe, mai ɗauke da cutar da jama'a ke ƙyama, yaron da ke hannun hukuma. A ɗauki hannu, ko baya, ko inuwa. A kashe alamar wuri a kyamara da waya, domin hoto yana iya ɗauke da adireshin inda aka ɗauke shi a ɓoye. Hoton rikici kuwa, ko gawa ko ƙonannen gida, kada ka sake shi ya shiga yawo a waya. Irinsa yakan dawo bayan shekaru a ce yau abin ya faru, a tayar da hankalin gari da shi.

Tsofaffin hotuna

Ambaliyar Yulin 2012 da ta afka wa Rikkos da Gangare da Unguwar Rogo ta ci rayuka da gidaje, ta kuma tafi da abin da kuɗi ba ya mayarwa: hoton mahaifi guda ɗaya tilo, takardun makaranta, shaidar fili. Gobara da rikici ma haka suke yi. Saboda haka ware rana ɗaya a ce kowa ya kawo tsofaffin hotunansa a kwafa hidima ce babba, kuma ba ta cin kuɗi. A cire hoton daga gilashi in zai fita lafiya. In ya manne, a bar shi. A kwantar da shi kusa da taga, kyamara a kan mazauninta mai ƙafa uku tana kallonsa kai tsaye ba karkace ba, ba filasha. A ɗauki bayansa ma, don nan ne hatimin shago da kwanan wata suke. A tambayi mai shi sunayen waɗanda ke ciki tun yana iya tunawa. A mayar masa da abinsa nan take, kada ya kwana a hannunka, kuma a gargaɗe shi kada ya kai a yi masa lamineshan, domin zafi da gam suna lalata tsohuwar takarda.

Kuɗi da iyaka

Gwanintarka da lokacinka ka bayar kyauta, amma takarda da tawada da kuɗin mota wani ne zai biya. Ka rubuta su dalla-dalla ka kai wa ƙungiya, ko wani mai hali na unguwar, ko ku yi karo-karo da abokan sana'a. Ɗan siyasar da zai biya domin a manna fuskarsa a ambulan, a gode masa a bar kuɗinsa. Da ƙungiya kuma a rubuta yarjejeniya ko ta shafi ɗaya ce: hotuna nawa, yaushe, a ina za a yi amfani da su, za a sa sunanka, ba za a sayar wa wani ba. Ƙungiyar da take biyan ma'aikatanta albashi da kuɗin otal, ta biya mai hoto ma; kyautar ta waɗanda ba su da hali ce.

Kada ka manta da ɗan'uwanka mai ƙaramin shagon fasfo a bakin titi. In ka raba fasfo kyauta ga duk unguwa a makon komawa makaranta, ka kashe masa kasuwar da yake jira. Ka jawo shi cikin tawagar, a ba shi aikin wanki a biya shi, a kuma taƙaita kyautar ga waɗanda mai unguwa da shugabar mata suka tabbatar ba su da hali. Shi zai zauna da mutanen bayan ka tafi, a wurinsa kuma ya kamata a bar kwafin fasfo ɗin domin wanda nasa ya ƙare.

Kira na ga masu shagunan hoto na Jos, da malamai da ɗaliban da ke koyon wannan fanni a Naraguta. Asabar ɗin da ta biyo bayan salla ko Kirsimeti, lokacin da kasuwarku ta lafa kuma ɗinkin mutane yana nan sabo, ku haɗu ku huɗu ku je wajen mai unguwa. Ku fara da tsofaffi talatin, ku wanke musu hotunansu, ku rubuta sunayensu a baya, ku kai musu har gida kafin mako ya zagayo.